Mai Uwa a Gindin Murhu

Ƙarfe uku na dare nake hura tanda a Maiurno,
kafin ladanin unguwarmu ya gyara murya.
Rediyo na rataye a ƙusa,
fulawa ta toshe masa hanci, amma bai fasa magana ba.

Yau ma ya ce an zauna a Majalisar Ɗinkin Duniya.
Hannaye sun tashi kamar karan dawa a gonakin Gadarif,
sai guda ɗaya ya ƙi.
Amurka ta hau kujerar na-ƙi don Isra'ila,
aka naɗe tabarma, kowa ya nemi takalminsa.

Attayib, yarona mai murza ƙullu, ya ce,
Baba, wai me ta ba ta ne haka?
Na ce, juya wancan layin kafin ya ƙone.

Me zan gaya masa?
Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya,
wannan ko jariri ya sani.
Mu da muke can bakin zaure da ƙwarya,
sunan ƙasarmu ya tsufa a baƙin littafi,
muka je ƙofar mai littafin, hula a hannu,
ya ce, ku fara gaida aminiyata tukuna.

Ubana yana dako a tashar Khartum
shekarar da manya suka ce a'a har sau uku.
Har ya mutu yana ba da labarin
kamar daga bakinsa ukun suka fito.
Mu kuwa muka ce to, sau ɗaya, ƙasa-ƙasa,
idonmu na kan buhun alkama.
Layin da ke ƙofata bai ragu da mutum guda ba.

Zan so in ce haushi kaɗai nake ji.
Akwai ƙyashi a ciki, Allah na gani,
don ni ma na taɓa yin irin wannan amini.

Hamad mai kwale-kwale,
wanda ke haye da mutane Nilu da buhunan albasa.
Shekarar da fulawa ta yi tsada
na riƙa tsakurar ƙullu, kaɗan, kamar kan ɗan yatsa,
daga kowane burodi.
Batula, wadda mijinta ya tafi haƙar zinariya bai dawo ba,
ta kai nata sikelin mai tumatir,
ta dawo tana rawar murya, kasuwa na biye da ita.

Hamad ya ajiye sandar tuƙinsa a ƙofata,
ya ce, wanda zai taɓa shi, ya fara da ni.
Ya rantse hannuna bai san tauye mudu ba.
Ya sani sarai. Tare muka ci ribar da kifi.

Mutane suka watse.
Batula ta ƙulle burodinta a gefen mayafi,
bakwai, ga yara shida da ita,
ba ta ko waiwayo ba.
A daren na yi barci har da minshari.
Barcin nan ne yake tashe ni yanzu.

Rediyo ya koma ƙidayar gawa a Gaza,
ya ba da adadi, ya wuce farashin dala.
Can ma akwai wata da ta kai nata sikeli,
aka ce taro ya tashi.

Attayib bai sake tambaya ba.
Gari ya fara fari ta wajen kogi,
jakin mai ruwa ya wuce da gangarsa.
Ta farko a layi 'yar Batula ce,
ta girma, da nata goyon a baya.
Na zaɓa mata waɗanda suka fi kumbura,
na ƙara guda a kai ba tare da na kalle ta ba.

Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa,
ta ajiye ƙarin a kan teburina,
ta biya kuɗin bakwai, ta tafi.